Fuskata mai hali biyu

Ƙanwata ce ta fara faɗa mini, ita kuwa Allah bai hore mata sakaya zance ba. Muna zaune bakin taga da hantsi, ta ɗaga waya za ta ɗauke mu hoto, sai ta sauke hannu ta zuba mini ido. "Yaya, wai me ya samu fuskarki? Goshinki sai ƙyalli yake kamar an shafe shi da man keke, kumatunki kuma kamar kin yi birgima a toka." Na harare ta, na ce ta kiyaye ni. Amma da dare na buɗe hoton ni kaɗai, na ja shi da yatsu biyu ya girma, na ga ba sharri ta yi mini ba. Goshi da karan hanci da haɓa suna naso, kumatu sun yi furu-furu har da ɗan saɓa a gefen baki, ga baƙaƙen tabo guda biyar sun jeru a muƙamuƙina na hagu. Kowanne na san ƙurjin da ya haife shi, domin da farcena na matse shi.

Abin haushin, ni ba ƙazama ba ce. Wankin ma shi ya yi mini yawa. Tunda na ga maiƙo na tsatstsafowa a goshi tun kafin rana ta take, na ɗauka duk fuskar haka take, na ɗaura yaƙi da ita. Sau huɗu, wata rana sau biyar nake wanke ta da sabulun da nake wanka da shi. Kowane dare in dirje ta da wani mai mai yashi-yashi a ciki har sai ta ɗau zafi, a zatona zafin nan shi ne alamar aiki na ci. Man shafawa kuwa na yi masa korar kare, na ce wa zai ƙara mai a kan mai? Idan na goge fuska sai fatar ta ɗaure tamau kamar ganga, ko murmushi na yi sai in ji tana ja, ni kuma ina murna wai ta fita tas.

Ana cikin haka tsautsayi ya haɗa ni da wata 'yar kwalba. Wata da muke aiki tare ta ba ni, ba suna ba rubutu a jikinta. Ta ce haɗi ne na musamman, ba bilicin ba ne, yana dai fito da ainihin kalar mutum. Na san wannan karatun sarai, amma na karɓa. Cikin kwana goma fuskata ta yi fes, ƙuraje suka kwanta, aka fara tambayata ko hutu na samu. Wata biyu ina shafawa. Da ya ƙare ban samu wani ba, kafin sati ya zagayo fuskar ta yi jawur, ko ruwa ya taɓa ta sai raɗaɗi, ƙananan ƙuraje suka feso a kewayen baki kamar an watsa yashi. Tabon nan biyar kuwa suna nan daram, har sun ƙara duhu.

Likitar fatar da na gani ta ce in zo mata da duk abin da nake shafawa. Na juye jaka a kan teburinta, muka ƙirga goma sha ɗaya. Ta ɗaga 'yar kwalbar ta juya ta, ta ce, "Malama, ba zan rantse da abin da ke ciki ba sai an kai ɗakin gwaji, amma fuskarki ta riga ta ba da shaida." Zarginta sitiroyid ne, irin kulobetasol ko betametason, magungunan da aka yi domin kumburi da ƙaiƙayi na ɗan lokaci. Suna kwantar da kumburi, su tsuke ƙananan hanyoyin jini, fata ta yi haske nan da nan. A hankali kuma suna cinye kaurinta, ranar da aka janye su ta yi bore. Ta ce in gode Allah wata biyu kawai na yi. Abokan tafiyar sitiroyid a irin waɗannan kwalabe su ne haidirokwinon da zaiba, wadda aka fi sani da makuri. Haidirokwinon maganin rage duhun tabo ne na gaske idan likita ya ba da shi na 'yan watanni, amma idan aka shekara ana lafta shi yakan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu wanda da wuya ya fita. Tarayyar Turai ta hana sa shi a man kwalliya tun 2001, a Amurka ma tun 2020 sai da takardar likita. Makuri kuwa ba ya tsayawa a fata, yana ratsawa cikin jini ya taɓa ƙoda da jijiyoyi.

Cikin goma sha ɗayan nan, biyu kawai ta turo gabana, ta ce su kaɗai zan ci gaba da amfani da su. Sannan ta juya bayan takarda ta zana fuska da biro, ta ja layi a kan goshi, ta sauko da wani ta hanci zuwa haɓa, ya zama harafin T. A wannan yankin ne 'yan buhunan da ke samar da maiƙo suka fi yawa, a kumatu kuma ba su kai haka ba. Sinadaran jiki ne ke ba su umarni, shi ya sa ko sau goma aka wanke goshi, bayan 'yan sa'o'i zai sake naso. Kumatu ne ke shan wahalar wankin a banza. Ta ba ni wani ɗan gwaji da na yi a gida: in wanke fuska, kada in shafa komai, in jira awa ɗaya, sannan in danna tishu a goshi, in danna wani a kunci, in ɗaga su gaban haske. Na goshi ya fito da taswirar mai, na kunci ya fito a bushe kamar yadda ya je. Shekaru ina ɗauke da wannan fuska ban taɓa yi mata wannan tambayar ba.

Abin da ya fi zauna mini cikin bayaninta shi ne maganar dusashewa. Saman fata wani ɗan siririn bango ne na matattun ƙwayoyi da wani kitse ya manne su, kamar bulo da siminti. Fata na sabunta kanta cikin kimanin sati huɗu ga matashi, abin yana jan ƙafa idan shekaru suka fara nisa. Idan bangon nan na da danshi, ƙwayoyin suna kwance lamɓas, haske ya sauka a kai ya dawo, fuska ta yi sheƙi na lafiya. Idan ya bushe sai su tattashi kamar ɓawon fenti, haske ya tarwatse, a ga mutum ya yi dishi-dishi ko da cikin ƙoshin lafiya yake. Kuma bangon yana da ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin tsami na pH, inda lamba ke raguwa idan tsami ya ƙaru, alhali sabulun wanka na gama-gari yana kaiwa 9 ko 10. Kenan sau biyar a rana nake kankare simintin da hannuna, sannan in tsaya gaban madubi ina tambayar wa ya yi mini baki.

Sati shida na farko ba a yarda in yi komai ba sai abu uku. Sabulun ruwa mai laushi, marar ƙamshi, safe da dare, da ruwa mai ɗumi-ɗumi da tafin hannu, ba soso. Man shafawa mai gilisarin da seramaid, sinadarai masu riƙe danshin fata, tun fuska na da ɗan lema, in cika shi a kumatu da gefen baki, goshi da hanci kuma abin da ya rage a yatsu ya ishe su. Sai man kare rana da safe. Gaskiya na raina wannan tsari. Na biya kuɗin ganin likita, ta sallame ni da abin da ya fi ƙanƙanta a jakata.

Man kare ranar ne muka fi jayayya a kai. Na ce, "Likita, baƙar fata me za ta yi da wannan? Ai mu rana ba ta ƙona mu." Ta yi dariya ta nuna muƙamuƙina da biro. Tabon da ƙurji ke bari tarin melanin ne, sinadarin da ke ba fata launi. Duk inda fata ta ji ciwo ko ta kumbura, ƙwayoyin da ke yin sa sukan zuba shi fiye da kima, kuma fata mai duhu ta fi saurin yin haka, tabon ya ɗauki watanni, wani har shekara. Rana ita ce mai hura wa waɗannan ƙwayoyi wuta. Duk maganin tabon da za a shafa da dare, idan aka fita rana fuska tsirara, an yi gini an rushe. SPF ita ce lambar ƙarfin man kare rana: mai 30 yana tare kimanin kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, mai 50 kuma kimanin 98, don haka tazarar ba ta kai yadda lambar ke tsoratarwa ba. Inda ake faɗuwa shi ne awo. Layi biyu, tsawon yatsa manuniya da na tsakiya, shi ne rabon fuska, kuma a sake bayan awa biyu idan ana cikin rana. Ni da ɗigo uku na fara, kamar mai shafa turare.

Na farkon da na saya mai zink ne. Na shafa yadda aka ce, na fito fari fat kamar fatalwa, ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki. Sai da na canza sau biyu kafin in samu mai ɗan launin ƙasa-ƙasa da ya saje da fatata. Ashe ma irin wannan ya fi mini amfani, domin sinadarin ƙarfen da ake ba shi launi da shi yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara wa tabo duhu a fata irin tawa.

Bayan fuskar ta huce ne aka fara shigo da baƙi, ɗaya bayan ɗaya, da tazarar sati biyu, kuma kowanne sai na gwada shi a bayan kunne na 'yan kwanaki. Niyasinamaid ya fara zuwa, wani nau'in bitamin B3 ne, mai ƙarfin kashi 5. Yana rage isar launi zuwa saman fata, yana ɗan lafar da maiƙo. Daga baya salisilik asid mai kashi 2, sau biyu a sati, a kan harafin T kaɗai, domin shi yana narkewa a cikin mai, ya shiga ƙofofin gashi ya share abin da ya toshe su. Sau ɗaya na yi ganganci na bi kumatu da shi, kwana uku suna saɓa. Domin tabon ta rubuta mini azelayik asid. Na tambaye ta retinol, maganin fata dangin bitamin A da ake ta zuzutawa, ta tambaye ni ko ina da ciki ko ina sa rai, na sunkuyar da kai, ta ce to a ajiye shi, shi da duk danginsa ba a shafa su da juna biyu. Ta kuma ce a ba kowane magani sati takwas zuwa goma sha biyu kafin a yanke masa hukunci. Ni da nake jefar da mai bayan kwana biyar in ce jabu ne.

Ruwan lemun tsami da wata ta rantse mini da shi, ban ko gwada ba. Tsaminsa wajen 2 ne a wancan ma'aunin, kuma idan ya haɗu da rana yana iya ƙona fata ya bar tabon da ya fi na da.

Babu abin da ya ba ni wahala kamar hannuna. Ban san yawan yadda nake taɓa fuska ba sai da aka hana ni. Ina karatu, ina waya, ina tunani, yatsa na can yana laluben inda ya ɗan tasa. Sai da na yanke farce, na kyautar da madubin nan mai ƙara girman fuska, wanda ke mai da ɗan ɗigo ya zama dutse, na kuma sayi 'yar filastar nan ta ƙuraje. Duk wanda ya fito in rufe shi, in yatsa ya je ya tarar da ƙofa a kulle. Rigar filo kuma duk bayan kwana uku ko huɗu nake canzawa, fuskar waya ma ina gogewa, tunda na lura tabon duk a ɓangaren da nake kara ta suke.

Raɗaɗin ya tafi a sati na uku. Wajen wata na biyu kumatu suka daina furu-furu, hoda ta fara kwanciya ba ta taruwa a gefen hanci. Tabo huɗu sun ɓace cikin wata biyar ko shida, ban ma san ranar da suka tafi ba. Na biyar, wanda na fi azabtarwa da farce, yana nan ya koɗe kamar tsohon tambarin tawada. Goshina kuwa har gobe ƙarfe biyu na rana yana ƙyallinsa, in danna masa tishu sau ɗaya in ci gaba da aikina.

Makon jiya na nemi man kare ranata sama da ƙasa ban gani ba. Na tarar da shi a jakar ƙanwata, an matse shi har wuya. Ta ce, "Yaya, ai gwadawa kawai na yi a bayan kunne."