Manhajar Kyauta da Aikin Tace Bidiyo a Shagonmu na Aboabo

Sana'armu a wannan shago da ke Aboabo, cikin Kumasi, ita ce ɗaukar bidiyo da tace shi: bikin aure, suna, walimar saukar Alƙur'ani, maulidi, da naɗin sarauta a Zango. Duk aikin da ya fita daga hannunmu a shekarun nan da manhajar kyauta aka tace shi, kuma ba ma ɓoye wa kowa wannan, domin mun san ingancin abin da muke miƙa wa jama'a.

Babbar manhajar aikinmu ita ce DaVinci Resolve, ta kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya. Asalinta kayan gyaran launi ne mai tsadar gaske wanda sai manyan kamfanonin fim ke iya mallaka. Kamfanin ya saye ta a 2009, ya fitar da ta kyauta a 2011, sannan ya haɗa mata sashen sauti na Fairlight a 2017. Ta kyautar ba ta manna tambarinta a kan aikin mutum, ba ta ƙayyade tsawon bidiyo, kuma tana fitar da hoto har matakin 4K. Akwai ta kuɗi mai suna Studio, wadda ake biyan dala 295 sau ɗaya, amma mafi yawan abin da bikin Zango ke bukata yana cikin ta kyautar.

Inda ta fi yi mana rana shi ne wurin launi. Wanda bai taɓa ɗaukar biki a ƙarƙashin rumfa da tsakar rana ba, ba zai san wahalar wannan ba. Ga amarya baƙa kyakkyawa cikin farin leshi, ga ango cikin shadda mai walƙiya, ga rumfar tana zubo wa fuskoki jan launi ko shuɗi. Kyamara takan bi farin kaya ta rage haske, sai fuska ta dushe. Idan kuma aka ƙara haske gaba ɗaya, aikin leshin ya ɓace ya zama fari fat. A Resolve mukan ware fuska daban, mu ware tufafi daban, mu sa manhajar ta bi fuskar duk inda ta juya, sannan mu duba ma'aunin launi maimakon mu dogara da allon kwamfuta kaɗai, wanda yakan yaudari ido. Ba ma mayar da amarya fara, ko da ƙawayenta sun roƙa. Burinmu shi ne mahaifiyarta ta kalla ta ga 'yarta yadda take, lallen hannunta ya fito da jansa da baƙinsa, kenten da dangi suka yafa ya fito da ruwan zinarensa.

Wannan ido ba manhaja ce ta ba ni shi ba. A wurin maigidana na samo shi, Allah ya jiƙansa, tun zamanin kaset, lokacin da ake jona na'urori biyu, ɗaya tana kunnawa ɗaya tana naɗa, wanda idan ka yanka ba daidai ba sai ka koma farko. Yakan zaunar da ni in kalli biki daga farko har ƙarshe kafin ya bari in taɓa komai, ya tambaye ni wace ce uwar amarya, wane ne waliyyi, wane malami ne ya ɗaura auren, domin tsallake gaisuwar dattijo ɗaya ya isa ya ɓata aikin gaba ɗaya a idon iyali. Daga baya muka koma kwamfuta da faifan DVD, amma har yau da wannan tarbiyya nake koyar da yarana.

Sauti ma haka yake. Lasifikar haya takan zo da gurnanin lantarki, ga janareto a bayan gida, ga makaɗa. Sashen Fairlight yana da abin cire wannan gurnani, kuma manhajar tana iya daidaita kyamarori biyu ko uku da na'urar naɗar sauti ta hanyar sauraren muryoyin da ke cikinsu, yadda addu'ar liman za ta fito tsaf.

Iyakarta kuma a fili take. Tana son kwamfuta mai ƙarfi da katin sarrafa hoto mai kyau, ga shi abin share ƙura-ƙuran da ke fitowa a hoton dare yana cikin ta kuɗi ne kawai, shi ya sa muke zuwa bikin dare da fitilunmu. Tsohuwar kwamfutar shago kuwa Kdenlive da Shotcut muka sa mata, dukansu kyauta. Ba su kai Resolve wurin launi ba, amma suna da sauƙin koyo, kuma suna yin ƙananan kwafi marasa nauyi da ake aiki a kansu, sai a ƙarshe su koma kan asalin hoton. Bidiyon da dangi ke turowa daga waya mukan fara bi da shi ta HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, domin saurin hotonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai baki ya saɓa da murya. Tun wahalar dumsor ta 2015 kuma, wato yawan ɗauke wutar lantarki da aka yi a Ghana, ba ma fara aiki sai mun tabbatar manhajar tana ajiye shi da kanta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai cewa, “Alhaji, ai na ji manhajar kyauta ce, a rage mana mana.” Nakan ce masa, “Yallaɓai, ko an ba tela keken ɗinki kyauta, ɗinkin babbar riga ba zai zama kyauta ba.” Sai ya tafi wurin yaran da ke karɓar aiki a rabin kuɗinmu, su ɗauka da waya, su zuba a manhajar CapCut, su cika shi da walƙiya da waƙar da ta danne muryar malam. CapCut ba ta da laifi. Ta kamfanin ByteDance ce mai TikTok, kuma mu ma da ita muke yanka gajeren bidiyon da ake sawa a WhatsApp. Amma ba a yi ta don bikin awa uku ba, kuma abubuwa da dama da suke kyauta a cikinta sun koma na biya. Wasu kuma satacciyar Premiere, manhajar tace bidiyo ta kamfanin Adobe, suke sawa don gudun kuɗin wata-wata da Adobe ta koma karɓa tun 2013, ta shigo musu da cuta a kwamfuta, bikin mutane ya salwanta. Daga baya a kawo mana ragowar a ce mu gyara, alhali ɗaurin aure ba a maimaita shi.

Wanda ke son mu yi masa aiki ya zo mana tun kafin ranar biki, mu je mu ga wurin, mu san inda rana ke faɗowa da inda malamai za su zauna. Wanda kuma ya riga ya ɗauka, ya kawo asalin bidiyon a katin kyamara ko a wayar da aka ɗauka da ita, kada ya turo ta WhatsApp, domin tana matse hoto ta zubar da abin da babu manhajar da za ta iya dawo da shi.