Al'ajabi na minti 5

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna son sanin abin da al'ajabi ke yi wa zuciya, irin wanda ke tayar da tsigar jiki har mutum ya ji shi ba kowa ba ne. A 2003 Dacher Keltner da Jonathan Haidt suka ce abu biyu ke haɗa shi: ka ga abin da ya fi ƙarfinka, hankalinka kuma ya rasa inda zai ajiye shi. To, ba a iya kwasar mutane ɗari a kai su bakin teku don gwaji. Sai a zaunar da su gaban kwamfuta, a kunna musu kamar minti 5 na shirin Planet Earth na BBC mai nuna manyan duwatsu, tekuna da dazuzzukan duniya, wasu kuma a ba su bidiyon ban dariya, daga baya a gwada bambanci.

Kuma ana ganin bambancin. A binciken Melanie Rudd da abokan aikinta na 2012, tallan talabijin na minti 1 mai nuna manyan kifayen teku da ƴan sama-jannati ya sa mutane jin lokaci ya yalwata gare su. A 2014 wasu masanan, Valdesolo da Graham, suka ga masu kallon irin wannan bidiyo sun ƙara yarda akwai mai juya al'amuran duniya. Wannan kam bai ba ni mamaki ba, mu nan "Subhanallahi" ke fara fita.

Inda nake da ja shi ne zaɓen bidiyon. Yawancin waɗanda aka gwada Amurkawa ne. Ƙanena da ke karatu a Jami'ar André Salifou da ke Damagaram ya kunna wa Inna irin wannan bidiyo a waya. Da aka nuno duwatsu ko gezau, wadda ta girma a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, tsakanin manyan duwatsu. Da ruwa ya fara kwararowa daga kan tsauni sai ta gyara zama: "Kai, duk wannan zuba yake a banza? Ba mai tara?" Matar da ke jiran ɗan ga-ruwa tun asuba a watan Afrilu, bidon take ƙirgawa.

Da ni ne mai gwajin a Damagaram, hadarin farkon damina zan ɗauka, sa'ad da ya haɗo daga gabas da jar ƙura a gabansa, ko hawan Sallah a ƙofar fadar Sarki. Su ma sai an fara gwada su a kan mutanenmu, don allon waya ba ya ɗauko ƙamshin ƙasa.