Ɗacin nan na dankalin da ya fara lalacewa ashe makami ne

Jiya na yanka dankalin Hausa na tarar da wani baƙin tabo a gefe, na ƙwaƙule shi tsaf na dafa sauran, amma ina kaiwa baki sai ga ɗaci kamar maɗaci. Da can ina ɗauka ruɓewa ce kawai ke kawo wannan ɗacin, ashe shi kansa dankalin ne ke haɗa shi.

Shuka ba ta da ƙafar gudu, kuma saiwarta na kwance cikin ƙasa inda fumfuna ta yi mata yawa, to da zarar fangas, wato fumfunar nan, ya huda ɓawo sai ƙwayoyin da ke kewaye da ciwon su hau sarrafa guba don su tare shi. Masana na ce ma irin wannan guba fitoaleksin. Wasu Jamusawa biyu, Müller da Börger, su suka raɗa sunan a 1940, bayan sun shafa wa yankakken dankalin turawa nau'in wata cuta da ba ta iya kama shi, da suka dawo suka sa mai ƙarfin a wuri ɗaya sai ta kasa ci, wato dankalin ya riga ya shirya mata.

Fitoaleksin na dankalin Hausa sunansa ipomeamarone, a Japan aka fara ware shi daga dankalin da baƙar ruɓa ta kama. Karas ma na da nasa, shi ya sa in ya ji ciwo ko an ajiye shi kusa da tuffa yake ɗaci. Rogo kuwa ku yanka wanda ya kwana biyu ko uku da tonowa, za ku ga zane-zane shuɗi-baƙi a ciki, akwai hannun wani sinadari da rogon ke haɗawa, scopoletin, a wurin.

Amma abin da ya fi damuna wallahi shi ne dabbobi. Gubar nan ba fangas kaɗai take taɓawa ba, ipomeamarone na illata hanta, sannan in fumfunar Fusarium ce ta shiga dankalin akan samu wani sinadarin, 4-ipomeanol, mai cin huhu, an sha yin asarar shanu a Amurka saboda an zuba musu ruɓaɓɓen dankali, numfashi ya gagare su. Kuma dafuwa ba ta kawar da shi gaba ɗaya, ɗacin ma yakan wuce iyakar tabon da ido ke gani. Ni dai nawa na jiya rami na haƙa na binne shi, ban ba kowace dabba ba.