Laraba: Sulallan Kshatrapa da Dutsen Junagadh

Aikin yau duka a kan sulallan azurfa ne na sarakunan Kshatrapa, waɗanda suka mulki Gujarat da Malwa a yammacin Indiya. Ƙanana ne, nauyin kowanne wajen giram 2, faɗinsa bai kai ƙumbar babban yatsa ba sosai.

Da safe awo, sai karatu da gilashin ƙara girma, fitila a karkace don inuwa ta fito da haruffa. Ba a goge su da komai mai kaushi, azurfar na tafiya da rubutun. Baƙaƙen Girkancin da ke gefen kan sarki ado ne kawai, maƙera sun kwaikwaye su har sun lalace. Abin nema yana baya: tudu mai baka uku, rana da jinjirin wata, da rubutun Brahmi, tsohon rubutun Indiya, a kewaye mai faɗin sarki da sunan mahaifinsa. Da haka aka haɗa salsalar gidan, wane ɗan wane.

Shekarar tana bayan ƙeyar sarki, da lissafin Saka, wata tsohuwar kalandar Indiya, sai a ƙara 78 a sami ta Miladiyya. Nan ne rigimar take. Hatimin bugu ya fi sulen faɗi, don haka lambar ƙarshe takan faɗa waje. Ga shi babu sifiri: ɗari da alamarta, gomiya da tata, ɗaiɗai da tasu. Alamar 200 kuwa ta 100 ce da ɗan ƙarin zane, in ya goge an yi kuskuren ƙarni guda. Gara a bar gurbin fanko da a cika shi da zato.

Sulallan Rudradaman, ɗaya daga cikin sarakunan Kshatrapa, ba su da shekara, don sai wajen 100 na Saka aka fara sa ta. Dutsen Junagadh, wani dutse mai rubutu a Gujarat, shi ne ya tsayar da zamaninsa. Rubutun Sanskrit, tsohon harshen Indiya, da ke kai ya ambaci shekara ta 72 ta Saka, wato 150 Miladiyya, lokacin da ambaliya ta fasa madatsar tafkin Sudarshana Rudradaman ya sa aka gyara. Ya ma faɗi cewa a zamanin Chandragupta Maurya, wani sarkin Indiya na can da, aka gina ta.

Bayan la'asar aka ware waɗanda ke da tsuntsun Garuda na addinin Hindu a maimakon tudu. Na Chandragupta na Biyu ne, sarkin daular Gupta, da magadansa, kuma lissafin Gupta suke bi, mai farawa wajen 320 Miladiyya. Wanda ya ƙara musu 78 zai mayar da su baya da fiye da shekara 240.