Laraba, ni da ma'aunin h da Farfesa Muyembe

Yau dai kaina ya ɗau zafi wallahi. Malam ya ba mu aikin samina, wai kowa ya zaɓi mai bincike ɗaya a fannin cututtuka masu yaɗuwa ya nuna tasirin aikinsa, da hujja ba da surutu ba. Nan take kowa ya ruga Google Scholar, shafin nemo takardun bincike, a kwafo yawan ambato (sau nawa wasu masana suka ambaci takardun mutum) a kwafo ma'aunin h, shikenan an gama. Shi ma'aunin nan wani masanin fizik ne Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, in an ce naka 40 ne to kana da takardu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Yana da amfaninsa fa, ban ce a'a ba.

Ni Farfesa Jean-Jacques Muyembe na Kwango na ɗauka, kuma tun azahar nake kansa har na manta da sauran karatun. A 1976 lokacin ƙasar tana Zayar aka tura shi ƙauyen Yambuku a arewacin ƙasar saboda wata cuta da ba a san ta ba, ya je ya tarar asibitin mishan ko safar hannu babu, haka ya ɗebi samfur da hannunsa. Mutum 318 suka kamu 280 suka mutu. Jinin wata sista 'yar Beljiyam aka aika birnin Antwerp na Beljiyam, can masu bincike su Peter Piot suka ga ƙwayar cutar, ita ce Ebola. Shekara da shekaru in ana labarin gano ta sunayen Turawa ake jerowa, shi da ya tsaya kan gawarwaki sai daga baya aka fara tunawa da shi. To wannan wane ma'auni ne zai ƙirga shi?

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ɓarkewar Ebola a garin Kikwit na Kwango, 1995. Shi da abokan aikinsa suka ɗebi jinin waɗanda suka warke suka ƙara wa marasa lafiya 8, 7 suka rayu. Takardar ta fito a 1999 amma manyan masana ba su ɗauke ta da muhimmanci ba, kuma gaskiya suna da hujja, mutum 8 kacal babu rukunin kwatanci, wato waɗanda ba a ƙara wa jinin ba don a gwada da su, ga shi annobar ta riga ta fara lafawa, ko gwajin ruwan jinin waɗanda suka warke da aka yi a Gini a 2015 ma bai nuna wani bambancin a zo a gani ba. Sai dai shi bai saki zancen ba. Daga jinin wani da ya warke a Kikwit ɗin aka ciro sinadarin garkuwar jiki mAb114 tare da masu bincike na Amurka, aka gwada shi a gabashin Kwango a 2018 zuwa 2019, mace-mace wajen kashi 35 cikin 100 ga waɗanda aka ba shi, su kuwa waɗanda aka ba ZMapp, maganin da aka kwatanta shi da shi, kusan 50. A Disambar 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Ebanga. Shekara 25 ke nan tsakani!

Da yamma muka ɗan yi musu da wata 'yar ajinmu, ta ce ni dai labari nake so, lamba ita ce ba ta son kai. Na ce mata haba Yaya, ai ita ma lambar mutane ne ke haɗa ta, wanda ke da lab da kuɗin bincike da kuɗin biyan mujalla shi ake sa wa suna a farko ko a ƙarshe, mai ɗebo samfur a ƙauye sau da yawa a sashen godiya yake ƙarewa in ma an tuna da shi. Ta ce to Muyembe ɗin ma ai yanzu ambatonsa ba kaɗan ba ne, kuma shi ne shugaban INRB, cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, a Kinshasa. Haka ne kam, a nan ta kama ni, sai dai na ce ta duba shekarun da ambaton ya fara hawa.

Na tura wa Malam saƙo ko zan iya raba silaid ɗina biyu, ɗaya na lambobi ɗaya na abin da ya canza a wajen jinya. Ya ce in yi, amma minti 10 ne ba ƙari. Gobe sai in nemo cikakkiyar takardar 1999 ɗin don taƙaitawarta kawai na samu, kuma ina so in ga a wace rana ta ciwon aka ƙara wa kowannensu jinin.