Karan dawa da tuƙar da na yi ta zubarwa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, nan Bauchi, aka ba ni aikin bincike kan abin da ke sa karan dawa ya yi tauri. Da na faɗa wa Baba, dariya ya yi. "To, kai da ka tashi kana ɗaurin darni, yau kuma sai an koya maka kara a makaranta?"

Abin da littafi ya ce ba shi da wuyar haddacewa. Taurin kara da na itace daga liginin yake, wani sinadari da ke cike bangon ƙwayoyin halittar tsiro kamar yadda siminti ke kama rodi. Sunan ma daga kalmar Latin ta itace aka samo shi, masanin tsirrai de Candolle ya raɗa shi a 1813. Tsiro yakan ƙera ƙananan tubala iri uku, ya tura su bango, can sai wani inzayim, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jikin mai rai, mai suna faroksidas ya yi amfani da haidurojin faroksaid, wannan ruwan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, ya tayar da tubalan su riƙa sarƙewa da juna. Akwai wani inzayim, lakes, da ke irin wannan aiki da iskar oksijin. Duk na rubuta wannan a jarrabawa na ci.

A ɗakin gwaji ne ido ya raina fata. Nakan yanko kara da sassafe, in daka shi a ɗan turmin tangaran da aka dasa cikin ƙanƙara, in tace, in ɗiga sinadarin gwaji mai suna gwayakol da faroksaid a ruwan. In inzayim na nan, ruwan zai rine ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, na'ura ta auna ƙarfin rinin. Lissafina shi ne gaɓar ƙasa, wadda ko wuƙa sai ta yi da gaske, ita za ta fi kowace rinewa. Mako uku ina samun sakamako kamar shayin da aka yi wa rowar ganye.

Wani dattijo mai kula da kayan ɗakin ya tsaya a kaina ran nan, ya ga ina kankare tuƙar da ta rage a ƙyallen tata ina zubarwa a kwandon shara. Ya ce, "Ɗana, magini a ina ake samunsa, a rijiya ko a jikin gini?" Ban gane ba sai da ya miƙo mini kwalbar gishiri. Ashe wani kaso na faroksidas manne yake da bangon, ruwan daka kawai ba ya ɓamɓaro shi, sai an sake jiƙa tuƙar a ruwan gishiri mai ƙarfi. Abin da nake nema shi nake ta zubarwa.

Darasi na biyu kuma reza ce ta koya mini. Na yanka kara siriri-siriri, na ɗiga masa fulorogulusinol da asid, wanda ke mayar da liginin ja. Ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ɓawon ya yi jawur, jijiyoyin ruwa sun fito ɗigo-ɗigo ja a cikin totuwa, ita kuwa totuwar fara. Amma a gaɓar da ke kan girma, gindinta da kuben ganye ya lulluɓe kusan babu ja, don daga nan take tsawo. Duk yaron da ya taɓa fizgo kan dawa ya tauna ɗanyen gindin ya san wurin. A gwajina na inzayim, rinin ruwan ƙasa-ƙasan ya fi ƙarfi sama da nan kaɗan, inda tsawo ya tsaya tauri ya fara. Tsohuwar gaɓa ta riga ta gama gininta.

Tun daga nan ba na kallon kuɓewar da ta tsufa a kasuwar Muda Lawal kamar da. Haka shanu da ke cinye karmami su bar kara a tsaye: liginin ne cikinsu ba ya iya narkarwa sosai. Akwai dawa mai jijiyar ganye ruwan ƙasa da ke da ƙarancinsa, dabbobi sun fi morarta, sai dai wasu irinta kan kwanta in iska ta taso. Da na kai wa Baba wannan labari, tambaya ɗaya ya yi: in ta kwanta, da me za a yi darnin?