Mako Guda a Taizé: Ba da Shaida Ba Tare da Yanke wa Kowa Hukunci Ba

Da hantsin Lahadi na shiga jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ake kira TGV daga tashar Gare de Lyon a birnin Paris. Cikin kamar awa 1 da minti 40 muka sauka a Mâcon-Loché. Daga nan bas ke kwasar mutane, ta ratsa garin Cluny, ta haura tudu zuwa Taizé, ƙauyen da Faransawa ke furtawa Teze, tazarar kilomita 10 daga Cluny. Mai niyyar zuwa ya fara duba jadawalin bas kafin ya yanki tikitin jirgi, don ba kowane jirgi ke dacewa da bas ba, kuma Mâcon tasha biyu gare ta, ta cikin gari da ta Loché. A Taizé akwai wata al'ummar 'yan'uwa maza Kirista masu zaman tare, da ke karɓar baƙi don mako na addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki. Lahadi ita ce ranar isa, domin shirin wurin daga Lahadi zuwa Lahadi yake.

Roger Schutz, wanda ya kafa al'ummar, aka kuma fi sani da Ɗan'uwa Roger, mutumin Suwizalan kuma ɗan fasto, shi ya zo wannan ƙauye a 1940 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya ɓoye 'yan gudun hijira, ciki har da Yahudawa. A Ista ta 1949 mutum bakwai suka ɗauki alkawarin zaman tare har mutuwa. Yau 'yan'uwan sun haɗa Katolika da Angilika da Furotesta daga ƙasashe da dama. Ba sa karɓar kyauta ko gudummawa don kansu, da aikin hannunsu suke ci, musamman ginin tukwane da kwanukan yumɓu. Baƙo kuwa yana yin rajista ta intanet kafin ya taso, in ya iso ya ba da abin da zai iya na kuɗin abinci da makwanci, bisa ma'aunin da aka tsara wa ƙasarsa.

A wurin tarɓar baƙi matasa 'yan sa-kai suka zaunar da mu, suka ba mu takardar cin abinci, suka nuna mana ɗakin kwana mai gadaje hawa biyu, sannan kowa ya zaɓi aikin da zai riƙa yi: wanke-wanke, rabon abinci, shara, wanke makewayi. Ba wanda ya binciki ɗarikata, balle a auna ƙarfin bangaskiyata. Abincin safe burodi ne da man shanu da ɗan sandar cakulan, da shayi ko koko a roba. Cokali kawai ake bayarwa.

Ƙararrawa na bugawa sau uku a rana: 8:15 na safe, 12:20 na rana, 8:30 na dare. Kowa ya ajiye abin da yake yi ya nufi Majami'ar Sulhu, wadda aka buɗe a 1962. A ƙasa ake zama, kan shimfiɗa, 'yan'uwa cikin fararen riguna suna tsakiya. Waƙoƙin gajeru ne, layi ɗaya ko biyu daga Zabura ko Bishara, ana maimaitawa har su zauna a zuciya, lambar waƙa kuma na bayyana a allon lantarki. Ana karanta aya kaɗan cikin harsuna da yawa, sai a yi tsit na kamar minti 8 zuwa 10. Babu wa'azi. Wanda ya saba da sujadar da mai wa'azi ke jan awa guda zai ji kamar an rage masa wani abu a kwanakin farko. A ganina a nan ne tarbiyyar wurin ta fara: an bar Maganar Allah ta yi aikinta ba tare da wani ya tsaya yana nuna wa jama'a yatsa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda suka bi da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan inabi don tunawa da mutuwar Yesu, wanda shi ne ya fi raba kan ikilisiyoyi. A ƙarshen addu'ar safe akwai inda ake ba da jibin Katolika, akwai kuma tanadi ga 'yan Furotesta. Ban da wannan, akwai masu riƙe da kwandunan gurasa mai albarka, al'adar da aka aro daga ikilisiyar Otodoks. Wannan gurasa ba jibi ba ce, kowa na iya ɗauka: wanda ba a yi wa baftisma ba, wanda lamirinsa bai ba shi ya ci jibi ba, yaro ƙarami. Ba a ɓoye bambancin koyarwa ba, amma ba a bar kowa zaune shi kaɗai ana kallonsa ba.

Ainihin gwajin yana cikin ƙananan rukunoni. Wajen ƙarfe 10 na safe wani ɗan'uwa yakan buɗe nassin ranar, ya yi bayani, ya bar tambayoyi. Sai a watse rukuni-rukuni, mutum kamar 8 zuwa 10, kuma da su za ka zauna har mako ya ƙare. A namu akwai 'yar Katolika daga Folan, ɗan ɗarikar Lutheran ta Furotesta daga Jamus, wata daga Koriya ta Kudu, da wani saurayi ɗan Sifaniya da ya faɗa tun ranar Litinin cewa shi bai tabbata akwai Allah ba, abokinsa ya biyo.

Ga yadda na ga abin yana tafiya daidai. Ana fara zagaye ɗaya, kowa ya yi magana minti biyu ko uku, ba mai katse shi, wanda kuma bai shirya ba ya ce a wuce. Kowa na magana da bakin kansa: “ni na gaskata”, “ni abin da ya riƙe ni ke nan”. Da zarar ka koma “ku” ko “ya kamata mutum”, shaida ta zama huɗuba, fuskoki kuma su rufe. In wani ya faɗi abin da ka ga kuskure ne, tambaya ta fi gyara amfani: “Me ya kai ka ga wannan ra'ayi?” Sau da yawa za ka tarar rauni ne a ƙarƙashi, ba taurin kai ba, mutuwar uwa ce, ko wulaƙancin da aka sha a wata ikilisiya. Sa'an nan, in an tambaye ka, ka amsa sarai, ka ambaci sunan Yesu ba tare da kwana-kwana ba, amma ka tsaya iyakar abin da aka tambaya. Wannan shi ne tsarin 1 Bitrus 3:15, inda aka ce mu zauna a shirye mu ba mai tambaya dalilin begenmu, cikin tawali'u da ladabi. Akwai mai tambaya a ayar, kuma shi ke fara magana.

Ranar Laraba abin ya kusa lalacewa. Saurayin nan ya ce addu'a a wurinsa kamar magana ce da bango. Wani a cikinmu, da kyakkyawar niyya, ya jero masa ayoyi biyar a jere kan rashin bangaskiya. Saurayin ya yi shiru, bai ƙara cewa uffan ba ranar. Ayoyin gaskiya ne, amma an ba da amsa kafin a gama jin tambaya, kuma a gaban mutum tara, inda ba ya da hanyar cewa komai sai dai ya kare kansa ko ya ja baki. Washegari 'yar Folan ɗin ta gyara ɓarnar. Ta ce masa, “Ɗan'uwa, ni ma na yi shekara biyu ina jin haka, ban daina zuwa ba dai.” Ta faɗi abin da ya riƙe ta, ta tsaya nan. Shi da kansa ya shiga yi mata tambayoyi har aka buga ƙararrawar rana.

Harshe ma na kawo matsala. Yawanci da Turanci ake magana, ga mutane da yawa kuwa ba shi ne harshen uwa ba, sai kalma ta fito da kaifin da mai ita bai nufa ba. Maganinsa gajerun jimloli, da barin mai fassara ya gama, da sake tambaya kafin a ji haushi. Akwai kuma kuskuren da ke ɗaya gefen, wanda na fi jin tsoronsa: mutum ya ji tsoron a ce yana hukunci har ya haɗiye bangaskiyarsa, ya riƙa gyaɗa kai ga komai. Wanda ya taso daga nesa yana nema bai zo don a gyaɗa masa kai ba. Abin da Matiyu 7 ya hana shi ne ka hau kujerar alƙali kan ran wani alhali gungume na idonka, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bai hana ka faɗin abin da ka gaskata ba.

Maganar da ta yi nauyi ga rukuni tana da nata wurin. Bayan addu'ar dare wasu 'yan'uwa da 'yan'uwa mata masu hidima a wurin sukan tsaya a sassan majami'a don sauraron duk mai son magana shi kaɗai, akwai kuma limaman coci ga mai neman furta zunubi. Kada kuma a ɗauka rashin hukunci rufa-rufa ne. A 2019 Ɗan'uwa Alois, shugaban al'ummar a wancan lokaci, ya kai wa hukumar shari'ar Faransa rahoton zarge-zargen cin zarafi da suka shafi wasu 'yan'uwa a shekarun baya, ya kuma sanar a fili. Yanzu ana gaya wa baƙi inda za su kai ƙara in wani abu ya faru.

Daren Juma'a ana kwantar da gicciye a ƙasa, mutane su matso a durƙushe, su ɗora goshi a kansa. Layin kan kai tsakar dare. Daren Asabar kowa na riƙe da siririn kyandir, wuta ta tashi daga hannun yara ta zagaye majami'a, alamar tashin Almasihu. Na hango saurayin Sifaniya can baya, shi ma da nasa a kunne.

Kafin bas ta zo ranar Lahadi na gangara tsohuwar majami'ar ƙauyen, ta dutse, inda kabarin Ɗan'uwa Roger yake da gicciyen katako kawai. A ranar 16 ga Agusta 2005 wata mata mai taɓin hankali ta daɓa masa wuƙa ana cikin addu'ar dare, yana da shekara 90. A wurin jana'izarsa Ɗan'uwa Alois ya roƙa mata gafara a gaban dubban mutane, da kalmomin da Yesu ya yi addu'a da su a kan gicciye. Na daɗe tsaye a wurin, sannan na ɗauki jakata na koma bakin hanya, inda 'yan rukuninmu uku ke jiran bas ɗin Mâcon.